Armaya'u Mai Sifika da Iyakar Gonar Karare

Wai kun taɓa ganin mutum ya yi shekara goma sha ɗaya yana haɗa abu da hannunshi, sai cikin kwana shida ya bi shi yana kwancewa yana zufa kamar wanda aka biyo? To ku tsaya ku karanta labarin Armaya'u mai sifika na Batsari, don Allah kar ku wuce, abin bai daɗe da faruwa ba.

Shi Armaya'u asalinshi ɗan Wagini ne, uwarsu ta rasu yana ƙarami, yayarshi Zuwairatu ita ta goya shi ta raine shi har aka kai ta ɗakin miji Karare. Tun yana yaro ba ya barin rediyo ta zauna lafiya, sai ya buɗe ta ya ga wa ke magana ciki, har babansu ya gaji ya kai shi Safana wajen wani mai gyaran rediyo bakin kasuwa, can ya yi shekara bakwai yana shaƙar hayaƙin dalma. Da ya samu hannu ya dawo ya kafa rumfarshi a Batsari ya yi aure, matarshi Surayya, mace mai baki amma mai kirki. Rediyo ce, fitilar caji ce, lasifikar masallaci ce, duk shi ake kai ma. Amma abin da ke ranshi ba na rumfa ba ne, na gida ne.

Falonshi ɗaki ne dogo, ƙasa siminti, bango sumul da fenti mai ƙyalli, sama kwano ba silin. Nan ya jera kayan sautinshi. Akwatin sifika biyu na katakon maɗaci, da kanshi ya auna ya yanka ya haɗa, kowane ya kai mashi kafaɗa, ga wufa a tsakiya, wato uwar sifikar nan mai dukan ƙirji, ga amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, ta hannu, da ya sai da ragonshi ya je Kano ya ɗauko, ga tsohuwar rakoda mai cin kaset can sama ya lulluɓe ta da ƙyalle. In ya kunna sai kwanukan Surayya su kama rawa cikin kabet. Shi a wajenshi iyakar kyan sauti ke nan, ka ji shi har cikin hanjinka. Ka tambaye shi me ya fi muhimmanci a kayan sauti sai ya ce maka ƙarfi, ka ce sai me, ya ce ƙarin ƙarfi.

To ga yadda abin ya taso. Mijin Zuwairatu, Almustapha, ya rasu bara bayan girbi, ciwon ciki na kwana tara, ya bar ta da ɗiya biyar. Ƙanen mijin, Hashimu, ya yi shekara wajen ashirin a kudu yana sai da albasa, bana ya kwaso iyalinshi ya dawo Karare gaba ɗaya. Gonar ubansu marigayi Baba Ɗanmaraya doguwa ce, ta tashi daga rijiyar bakin gari ta miƙa har rafi. In ka taso daga rijiya za ka fara tarar da itacen kanya, ka ƙara tafiya ka tarar da kaɗanya, daga nan kuma ka nufi daji. Daga rijiya zuwa kanya fako ne da tsakuwa, ko wake da ƙyar yake yi. Bayan kaɗanya kau ƙasa ce mai kyau amma yau shekara huɗu ba mai zuwa, kowa ya san dalili, mutum ya duƙa noma a zo a ɗauke shi. Tsakanin itatuwan nan biyu nan abincin yake, kuma nan Almustapha ke nomawa duk shekarun da Hashimu ba ya gari.

Shi tsohon da zai tafi hajji, tun ana yayin kaset, ya zauna gaban rakoda ya raba masu gonar da bakinshi, ya ba limamin lokacin ajiya. Ya ce daga rijiya zuwa itace kaza na Almustapha, abin da ya yi gaba na Hashimu. To wane itace? Waɗanda suka zauna wurin duk sun rasu, kaset ɗin ma gadonshi limamin Karare na yanzu, Liman Nurain, ya yi cikin akwatin babanshi. Ya ciro shi ya sa a 'yar rakodarshi gaban mutane, murya ta fito kamar daga cikin tulu, rabin zaure suka ce kanya suka ji, rabi suka rantse kaɗanya ce. In kaɗanya ce marayu sun tsira da abincinsu, Hashimu sai gefen daji. In kanya ce Zuwairatu da ɗiyanta sai fako. Ga damina ta ƙarato, an fara ganin hadari gabas, kowa ya gyara iri yana jiran ruwan shuka.

Liman ya ce to a kai wa Armaya'u Batsari, an ce kayanshi ko numfashin mutum suna fiddawa.

Hashimu ya ce, "Allah gafarta Malam, ƙanenta ne fa. Mai kiɗan nan ai sai ya murɗa wani abu kanya ta yi ƙiba ta koma kaɗanya."

Liman ya ce, "Kaset na aljihuna har ranar Asabar. Ba zai taɓa shi ba sai gabanmu, da idonka a kan hannunshi."

Da aka bugo wa Armaya'u waya ran Lahadi har dariya ya yi, ya ce su zo kawai. Sai da ya aje wayar sannan ya tuna bai taɓa sauraren magana zalla a kayan nan ba, kullum kiɗa ne. Ya samo wani tsohon kaset da ya ga jiya, ya kai rakoda tsakar gida ya aje ta taki uku daga inda Surayya ke tsince shinkafa, ya danna ɗaukar murya, ya ce ta yi ta faɗin kanya ko kaɗanya yadda ta ga dama har sau ashirin, in ta ce kanya ta aje ƙwayar wake a faifai, in ta ce kaɗanya ta aje gyaɗa, a jere, shi zai fita waje kar ya ji.

Ta ce, "Baban Fiddausi, yau kuma 'yar gidan rediyo na koma?"

Ya ce, "Ki yi kamar tsoho marar haƙora, kar ki buɗe baki sosai."

"To bari in ari bakin kakarka."

Ta yi, ya dawo ya sa kaset a manyan kaya ya zauna yana faɗin abin da ya ji, ita tana duba faifai tana ɓoye shi da gefen zani. Cikin ashirin sha ɗaya ya ci. Surayya ta ce ko kurma aka ce ya yi canke zai samu haka, ta yi dariya, da ta dubi fuskarshi ta bar dariyar.

Sai ya yi abin da ya saba, ya ƙara murya, ya ƙara, ya buɗe wufa har ƙarshe. Kaset ɗin tsoho ne, gurnaninshi ya cika gida ruuu kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Ba a yi minti biyu ba aka ji gudu a lungu, matan maƙwabta sun ɗauka babura ne suka shigo gari, wata ta haura katanga da goyo ta bar tukunya kan wuta. Maƙwabcinshi ya shigo ba ko sallama yana haki ya ce, "Armaya'u, a wannan zamanin kake mana wannan? Ka san abin da mutane suka gani kau?" Armaya'u ya bi gida gida yana ba da haƙuri, ya dawo ya zauna bakin ƙofa. Abin da ya fi ci mashi rai, da duk ƙarfin nan tara ya ci, ƙasa ma ya yi.

Litinin bai buɗe rumfa ba, Talata ma haka. Ya canza waya, ya canza sifika, ya kwance amfilifaya ya mai da, sha ɗaya, sha biyu, goma. Tuwo ya huce gabanshi. In ya rufe ido ɗiyan Zuwairatu yake gani, in ya buɗe ya ga hadari na haɗuwa yana watsewa. Yana ta tunanin ranar Asabar, dattawa sun hau babura sun biyo wannan hanyar da kowa ke addu'a kafin ya bi, su zo su zauna falonshi su tashi kamar yadda suka zo, rabi kanya rabi kaɗanya, daga nan kuma sai rigima ta koma ta sanda a bakin gona.

Talatar da la'asar ya zo wucewa ta ƙofar ɗakin Surayya, tana ninke kaya 'yar rediyonta mai batir biyu na karanta labarai, sai ya tsaya cak. Kowace kalma yana jin ta tas, rediyon da ko kyauta aka ba shi ba zai karɓa ba. Ya leƙa, ga katifa, ga labule, ga tulin zannuwa, ga buhun gero uku jingine a kusurwa, sama an ɗaure tabarma saboda zafin kwano. Ya shiga ya tafa hannu sau ɗaya, tafin ya mutu nan take. Ya ruga falo ya tafa, tafin ya bugi bango ya dawo ya hau kwano yana zirrr. Ya koma ya tafa, ya dawo ya tafa.

Surayya ta ce, "Lafiya dai ko? Ko in kira mai ruƙiyya?"

Ya ce, "Ɗakin ne. Shekara goma sha ɗaya ina gyaran sifika, ashe ɗakin ke cinye maganar."

Kun san harafin nan na tsakiyar kaɗanya ɗan mitsitsi ne, kafin ya iso kunne sautin da ya bugi bango ya dawo ya danne shi. Laraba da sassafe ya fara. Ya ɗaure zana ƙarƙashin kwano, ya shimfiɗe ƙasa da tabarmi biyu biyu, ya jawo buhunan gero ya cusa a kusurwoyi, ya rataye barguna a bango.

"Bargon aurena za ka buga wa ƙusa?"

"Igiya zan sa, Allah ba zan huda ba."

"In ka huda ka saƙa mani wani da wayar sifika."

Aka sake faifai, sabon jeri, sha biyar. Ya tsaya ya dubi wufa ya daɗe, ita ce abin da yake nuna wa baƙi, ita ce ya fi wahala kanta, ya duƙa ya zare wayarta ya tura ta waje kusa da turken akuya. Sha bakwai. Ya kashe janareto don ya lura akwai wani zuuu da ke biyo wuta ya shiga sifika, ya aro batirin mota ya jona. Ya goge kan rakoda da auduga da sifirit, audugar ta fito baƙa ƙirin, ya sa ɗan sukudireba yana juya wani ƙaramin noti a hankali a hankali har muryar Surayya ta washe. Ya janye akwatunan daga jikin bango taki biyu, ya kwantar da su yadda za su dace da kunnen wanda ke zaune a tabarma, ya auna da igiya daga wannan zuwa wancan, daga kowane zuwa wurin zama, duk tsawo ɗaya. Murya kau ya rage ta kamar mutum na magana gabanka. Alhamis da yamma ya ci sha tara. Surayya ta ce to alhamdu lillahi a ci abinci, shi kau ɗayan nan da ya faɗi yake ta juyawa, in na Baba Ɗanmaraya ya zama shi ne ɗayan fa?

Juma'a da hantsi sai ga Zuwairatu ɗan acaba ya sauke ta, ta rame, mayafi ya yi mata yawa. Armaya'u ya durƙusa har ƙasa, ina kwana Yaya, an zo lafiya, ya hanya, ya yara, ya ƙarin haƙuri, ya mutanen Karare, ta amsa duka a hankali. Ta sha ruwa ta shiga falo tana kallon barguna da buhuna.

Ta ce, "Maya'u, nan ɗin ne? Na ɗauka rumbu na shigo."

Ya yi murmushi. Ta zauna ta ce duk ranin nan da kanta ta yi ta kai taki tsakanin itatuwan nan a kai, ita da manyan yaran, kwando kwando, don ba su da jaki. Ta ce marigayi mijinta bai taɓa ce mata akwai wata iyaka a kanya ba. Sai ta nuna maɓallan amfilifaya da haɓa.

"Waɗannan duk kai ka san aikinsu ko?"

"Ni na sani, Yaya."

"In ka riga kowa ji, ka ji ba daidai ba, ai ba dole ne kowa ya ji ba. A bar shi yadda yake, liman ya raba tsakiya." Ta ƙara da cewa, "Ban ce ka yi ƙarya ba. Ni dai na goya ka, bayan nan nawa ya san nauyinka."

Armaya'u ya dubi maɓallan. Gaskiya ne, in ya murɗa maɓalli ɗaya ya ƙara kaurin sauti magana za ta koma cikin tulu, kuma ba mai ganewa. Ya ce, "Yaya, mu roƙi Allah ya sa kaɗanya ce." Ta dube shi ta ce amin, ta kwana wajen Surayya.

Asabar tun da safe gabas ta yi baƙi. In ruwa ya sauka kan kwanon nan ko zana goma ya ɗaure ba mai jin komai, ya fita ya duba sama ya dawo ya fi sau goma. Wajen ƙarfe goma suka iso, Liman Nurain da Hashimu da dattawa biyu shaidu. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka sha fura. Hashimu ya dubi wufa a waje ya ce, "A'a, mai kiɗa, an kori uwargida ke nan?" Ba wanda ya yi dariya sosai.

Armaya'u ya ce wurin zama mai kyau ɗaya ne, nan tsakiya inda ya sa buzu, sai dai a yi bi da bi, kuma kaset ɗin ya tsufa, zaren na iya tsinkewa, kar a wuce sau uku. Liman ya ciro shi daga cikin hankici. Armaya'u ya karɓa, ya sa biro ya juya zaren a hankali ya ga ba inda ya manne, Hashimu na tsaye a kanshi. Liman ya zauna a buzu. Armaya'u ya danna.

Aka ji shuuu, aka ji zakara, sai tari, sai murya ta fito tsakanin akwatunan nan biyu kamar tsohon na zaune a tabarma. "Bismillahi. Ni Ɗanmaraya, zan tahi aikin hajji, ban san ko in dawo ba." Hashimu ya sulale ya zauna. Tsohon ya yi ta bayani, ya yi maganar shanu, ya yi maganar rumbu, iska ta fara kaɗa zana a sama. Sai ya ce, "Gona kau, daga rijiya zuwa kanya ta Almustapha ce, abin da ya yi gaba na Hashimu."

Kanya. Armaya'u ya ji ta sarai, ba komai a tsakiyarta.

Liman bai ɗago ba ya ce, "Iskar nan ta ɗan shiga kunnena. Mai da baya kaɗan."

Armaya'u ya mai da. Hannunshi na dama na kan amfilifaya, ɗan yatsanshi na taɓa maɓallin nan, Zuwairatu na bakin ƙofa ta kafe shi da ido, Hashimu kau ya sunkuyar da kai ba ya kallon komai. Zufa ta gangaro mashi har gemu. Ya ɗauke hannun ya sa a aljihu, ya danna da na hagu. Liman ya saurara ya dubi shaidu, suka gyaɗa kai.

Liman ya ce, "Zuwairatu, saura ɗaya. Zo ki zauna nan ki ji da kunnenki, kar a ce an ce."

Ta zo ta zauna a buzu, aka sake. Da tsohon ya wuce wurin sai ta ce, "Na ji. Kanya ya ce."

Can Hashimu ya share fuska da hularshi ya ce, "Inda kika zuba taki ki shuka bana, guminki ne, yaran nan ɗiyana ne. Amma baɗi ban yi alkawari ba, ni ma bakuna tara gare ni kuma ba ni shiga dajin can." Liman ya ce shaidu sun ji, aka shafa fatiha, suka yi sauri su kama hanya kafin ruwa.

Surayya ta zubo dambu ta kawo, Zuwairatu ta ce ta ƙoshi. Armaya'u ya raka ta har inda 'yan acaba ke tsayawa yana riƙe da ƙullin kayanta, sai da ta hau ta karɓi ƙullin ta ce, "Aikinka ya yi kyau, Maya'u," ba ta dube shi ba. Har yau bai san da wace zuciya ta faɗa ba, ya buga mata waya sau huɗu yaranta ke ɗauka su ce tana gona.

Yanzu haka bana ta shuka inda aka bar mata, amma baɗi ba ta da wurin da za ta sa ko ƙwarya ɗaya ta gero sai fakon nan. Armaya'u in ya tashi daga rumfa yawo yake yi yana tambaya ko akwai mai gona kusa da gari da zai ba da aro, ya je Wagini ya je Safana bai dace ba tukuna. Don Allah duk wanda ya karanta ya tura wa 'yan uwanshi na Batsari da Karare da kewaye, ku tura a guruf ɗinku na waya, wataƙila ya faɗa hannun mai gonar da ba ya nomawa, in an samu a leƙa rumfar Armaya'u mai sifika a faɗa mashi.